Faifan Kawu Tsalle

"Daga yau na bar tsalle-tsalle a gaban yara," na ce wa manajan gidan talabijin ɗinmu. Na cire hular nan mai kunnen zomo na dire masa a tebur. "Nan gaba kaɗan sai kun bi layi kafin ku gan ni."

Ni ne Kawu Tsalle, mai shirin yara na safiyar Asabar. Ɗan'uwa, gemunka ya yi furfura amma a kasuwa ana ce maka "Kawu, yi mana tsalle," ai da ciwo. So nake manya su san ni ma mutum ne. Sai na fitar da faifan waƙoƙin soyayya.

Matata ta saurara tana wanke-wanke.

"Maigida, me ya sa in ka ce 'Kina so na?' sai ka yi shiru, can kuma ka ce 'Yauwa, madalla'?"

"Salo ne. Me kika sani a waƙa?"

"Na dai san zomo."

Gaskiyarta. Shekara da shekaru ina tambaya a gaban kyamara ina jiran yara su amsa daga gida, to hali zanen dutse, abin ya biyo ni har cikin soyayya.

Ranar ƙaddamarwa na hana yara shiga. Zaure ya cika da masu gemu da manyan mata, kaina ya kumbura. Ashe duk shirina suka kalla suka girma. Na lumshe ido na ja murya: "Wa zai share mini hawaye?"

"Mu ne, Kawu!"

"Wa ya karya mini zuciya?"

"Ba mu ba ne, Kawu!"

Wani ƙaton ɗan sanda ya ɗaga hannu yana neman izinin fita fitsari. Abin haushi, na ba shi.

Faifai ya ƙi tafiya, kwalaye suka cika falo har matata ta fara shanya a kansu. Na lallaɓa wurin manaja, na tarar hulata tana kan wani siririn saurayi mai tsalle kamar fara. Na dawo gida raina a ɓace.

Kwatsam shugabar wata makarantar firamare ta yi sallama.

"Ranka ya daɗe, faifanka ya yi mana rana. Babu ajin da ba mu sa shi ba."

Na harari matata, na gyara zama. "Ai ni na sani, masu ilimi ne za su fara gane shi."

"Ƙwarai. Duk yaron da ya makara, waƙa uku a tsaye. Tuni muka ajiye bulala." Ta matso ta rage murya. "Don Allah yaushe na biyu zai fito? Sun fara sabawa da wannan."