Ranar da Baba Kilowat Ya Je Neman Wuta

Allah bai yi wa Kafanchan rowar manyan mutane ba, amma a Dickson Yafet ya zuba har da gyara. Shi ne ciyaman na kwamitin taransifomar unguwarsu, yara kuwa Baba Kilowat suke ce masa, yana amsawa da ɗaga sanda.

Taransifomar ba ta iya ɗaukar gidaje duka, don haka shi ke rabon kwana: yau layin coci, gobe layin kasuwa. Wutar ta yi watanni ba ta leƙo ba, amma wannan bai rage masa aiki ba. Wanda ya ƙi gaishe shi sai ya soke masa kwana, mutum ya koma gida cikin duhun da ya fito daga ciki. Saboda ɓarayi, fiyus ɗin taransifomar ma a aljihun kwat ɗinsa suke kwana.

Tankin ruwan unguwa kuwa ya bushe, don famfon sai da wuta. Matarsa Keziya da sauran mata kullum suna hanyar rafi, wuya ya ƙage.

Ran nan ya tara jama'a. "Gobe zan je Kaduna, hedikwatar kamfanin wuta. In na buga tebur, wuta zai zo da gudu."

Ya sa kwat, ya hau mota. Bai kai Kachia ba aka kawo wuta, irin mai ƙarfin nan da tsofaffi ke ba da labari. Gari ya ɗauka, injin niƙa na kuka, ana guga har da tsumma. Unguwar Ciyaman kaɗai ta yi tsit. Mata suka jera bokitai gindin tanki, suna kallon ƙwan lantarkin maƙwabta na ci da rana tsaka. An kira wayarsa, a kashe: babba ba ya amsa waya a bakin aiki.

A Kaduna bai wuce benci ba, maigadi ya ce oga ya fita. Da yamma ya dawo, tun daga tasha ya ga haske, ƙirji ya kumbura.

"Kun gani? Magana ɗaya na yi."

Ya zaro fiyus, ya sa aka kawo tsani, ya ce a yi addu'a tukuna. Ana cewa amin aka ɗauke wuta.

Keziya ba ta yi faɗa ba. Ta miƙa masa jarka biyu.

"Baban Tamar, rafi ma yana jin magana. Je ka buga masa tebur."