Farfesun da Surukina Ya Rungume

Ba zan taɓa mantawa da wannan farfesun ba. Ko ni na manta, surukina yana nan da ransa, ba zai bari ba.

Lokacin muna zaune a Tudun Fulani, matata Zulai ta haifi 'yarmu ta fari. Jaririya ta fito lafiya, amma jini ya ƙi tsayawa. Aka yi ta fama, aka yi mata ƙarin jini, muka ce alhamdu lillahi. Ba a jima ba sai idanunta suka koma ruwan ɗorawa. Likitar, wata 'yar Kudancin Kaduna da ba ta ɓoye-ɓoye, ta ce hanta ce ta jigata, don sa'ad da jinin ya yi ƙasa ba ta samu rabonta ba.

"Za mu sa mata ido, Malam. Yawanci hanta kan farfaɗo da kanta."

Yawanci! Kalmar nan ita ta hana ni sukuni. Ina tafe ina tambayar kaina, to idan Zulai ba ta cikin yawancin fa? In koma gida da jaririya ni kaɗai? Wallahi tsoro nake ji.

Wata safiya likitar ta zo zagaye da ɗalibanta, ni kuma ina rakuɓe bayan labule na baza kunnuwa. Na ji tana gaya musu cewa a cikin ruwan matsarmama, 'yar jakar nan mai ɗaci da ke manne da hanta, akwai wasu sinadarai da masana ke gwadawa, ko za su kare hanta bayan an zubar da jini mai yawa. Ta ce a kan ɓeraye ake gwajin tukuna. Na ji zancen ɓerayen sarai, amma na tsallake shi. (Malamin kimiyya ne ni a firamare, kun san mu, rabin bayani ya ishe mu mu gina darasi.) Na ce a raina, abin da ke cikin kowace saniya a kwata shi ne za mu zauna jiran Turawa su gama wasa da ɓera?

Na hau acaɓa sai kwata. Na sayi hanta, sannan na ce wa mahaucin ya haɗa min da matsarmamar, kada ya yar. Ya tsaya da wuƙa a hannu yana kallona.

"Malam, ko kare ba ya cin wannan. Asiri za ka haɗa?"

"Kimiyya ce," na ce masa, har da ɗaga kai.

Ni da ko shayi ban iya haɗawa ba, na shiga kicin na ɗora farfesu. Da ya nuna, na huda jakar nan na tsiyaye ta kaf a tukunya. Romo ya koma kore kamar ruwan kwatami. Na ƙara yaji don ya rufa min asiri. Ban ɗanɗana ba, ai ba ni ne marar lafiya ba.

Ina shiga ɗakin asibitin da kula a hannu, sai ga surukina zaune a gefen gado, motar farko ya biyo daga Paiko. Tunda na auri 'yarsa magana ba ta taɓa wuce gaisuwa tsakaninmu ba, ita ma a durƙushe, ido a ƙasa. Na zube na gaishe shi. Sai Zulai ta ce, da muryarta da ƙyar ake ji, "Malam, Baba bai karya ba. A fara ba shi."

Jama'a, ta wane baki zan ce wa surukina kada ya ci abincina? A ce ɗan mutane ya yi wa uban matarsa rowa a gaban majinyata? Da hannuna na miƙa masa kular, da hannuna na miƙa cokali.

Baba ya yi bisimilla ya kai baki. Na ga jijiyar wuyansa ta miƙe, idanunsa suka kawo ruwa. Ya haɗiye. Ya dube ni, ya ƙara cokali guda, wataƙila don ya tabbatar ba bakinsa ne ya lalace ba. Ni kuwa gumi har cikin takalmi.

"Baba, miƙo min in ɗan kurɓi romon," in ji Zulai.

Sai tsohon nan ya rufe kular ya rungume ta a ƙirji. "A'a. Wannan nawa ne."

Ana haka likita ta shigo. Ta ga dattijo yana hawaye rungume da kula, ta karɓa ta buɗe, ta yi baya da sauri. "Wane ne ya kawo wannan?" Ba yadda na iya, na zayyana komai, har labulen da na laɓe.

"Haba, Malam! Sinadari ɗaya ake tacewa, a auna shi, kuma ko shi ba mu gama sanin amfaninsa a nan ba. Kai ka juye mata ɗanyen abu gaba ɗaya? Hantar da ke neman tashi, da ka ƙarasa ta!"

Matan gadajen kusa suka fashe da dariya, wata har tana riƙe ɗinkinta. Ni ban ji dariyar ba. "Da ka ƙarasa ta" kawai ke yawo a kaina.

Baba ya wuni yana zarya zuwa bayan gida. Da la'asar na raka shi tasha, kaina a sunkuye. Sai da ya sa ƙafa a mota ya juyo, karo na farko da ya yi min doguwar magana.

"Na san don kana son ta ka yi. Shi ya sa ban tofar ba. Amma da na saki kular nan, ita za ka ba."

Zulai ta warke, hantarta ta farfaɗo da kanta kamar yadda aka faɗa. Ni kuma na koyi cewa in za ka saci jin maganar likita, to ka saci har ƙarshenta, da ɓerayen da komai. Har yau in Baba ya zo gidanmu aka ajiye masa abinci, ba ya bisimilla sai ya leƙa kicin ya ga wanda ke ciki.