Takardar da Na Ba Tafinta Ban Karanta Ba

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin da na je yin godiya a cocinmu na Romi ba, ko da zan manta ranar aurena (maigidana ya yi haƙuri, ya san gaskiya nake faɗa). Ranar ce na tsaya a gaban jama'a da sabon leshi da ɗaurin ɗankwali kamar zai taɓo silin, na miƙa wa tafinta wuƙar da zai yanka ni da ita, har ina roƙonsa ya ɗaga murya.

Ni likita ce, amma irin likitocin nan da rabin rayuwarsu take kan takarda. Bincike nake yi a kan hawan jinin da ke kama mata masu juna biyu, wanda in aka yi sake yakan kai mace ga jijjiga, a rasa uwa ko ɗa. A aikinmu, in ka gama bincike sai ka rubuta, masana su tace, a buga a mujalla. Daga nan sai jira. Duk ranar da wani mai bincike ya kawo sunan aikinka a cikin nasa rubutun, an ambace ka ke nan, kuma akwai shafi a intanet da ke ƙirga maka. Da yawan takardunka da yawan ambaton nan ake auna ka idan lokacin ƙarin girma ya zo. To ni wannan ƙirga ta zame mini ciwo. Kafin in wanke baki da safe sai na duba waya in ga ko lambar ta motsa. In ta ƙaru da ɗaya, ranar har waƙa nake yi a kicin. In ba ta motsa ba, yaran gidanmu na Unguwar Boro sun san su raɓa ta jikin bango su wuce.

Kuma ba zan yi ƙaryar tawali'u ba, takarduna suna da auki, lambata ma ba ta kunya ba ce. Mutum ɗaya ce duk wannan bai taɓa burge ta ba, wato Mama. Mahaifiyata ta yi aiki a masaƙa a Kakuri har aka rufe, ta koma suyar ƙosai a bakin hanya, da haka ta ga na gama karatu. 'Yar zumuntar matan coci ce ta gaske, ba ta fashin taro ko ana ruwan sama. Matan zumunta kuwa ba sa raga mata.

"Ita likitar taki a wane ɗaki ake samunta? Mun je asibiti ba mu gan ta ba."

Mama takan ce, "Rubutu take yi."

"Rubutu? Ashe akawu kika haifa, ba ki faɗa mana ba."

Da wasa suke yi, amma wasan yana cin ranta. Wata rana tana tsinke alayyafo a tsakar gidana, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ke, ki ba ni abin da zan riƙa faɗa musu mana." Maganar ta tsaya mini a rai. Na ce wa kaina sai na wanke Mama a gaban matan nan, wanki na sosai.

Da aka yi mini ƙarin girma sai na sa ranar godiya a coci. Ana jibi ranar, ina ofis, saƙo ya shigo wayata: wasu manyan masana daga ƙasashen waje, irin waɗanda muka yi ta haddace sunayensu muna ɗalibai, sun tattara binciken da aka yi a kan wannan ciwo sun yi masa bita, kuma sun ambaci takardata ta farko. Na yi ihu har abokiyar aikina ta leƙo ta ga ko kunama ce. Ban buɗe rubutun ba. Ina dalili? An ambace ni, lamba ta ƙaru, magana ta ƙare. (Kada ku yi mini dariya ni kaɗai. Mu masu bincike da yawanmu ƙirgawa muke yi, ba mu cika leƙa abin da aka faɗa a kanmu ba.) Na tura wa maigidana na ce ya nemo shafin da sunana yake, ya buga a takarda, ya ja layi a ƙarƙashin wurin.

Bawan Allah ya yi yadda na ce. Ran Asabar ya miƙo mini yana sosa ƙeya.

"Maman yara, kin karanta kuwa? Turancin likitoci ne, ban gane duka ba, amma kamar…"

"Ni na yi aikin da hannuna, me za su faɗa mini da ban sani ba?" Na fizge takardar na cusa a jaka, don tela na jirana a Sabon Tasha.

A cocinmu da harshe biyu ake sujada, Turanci da Hausa, kuma tafintanmu Baba Ayuba ne, tsohon hedimasta. Mutumin nan ba ya barin kalma ta faɗi ƙasa. Ba ya ragi, ba ya ƙari, ba ya shafa wa magana mai. In Fasto ya yi tari, kaɗan ya rage Baba Ayuba ya fassara. Kowa ya san haka, ni ma na sani, shi ya sa ma na zaɓe shi.

Aka kira ni. Matan zumunta suka rako ni da waƙa suna kaɗa tulu, duk sun sha ankon zanensu, Mama tana gaba tana taku ɗaya-ɗaya. Na karɓi makirufo na gode wa Allah a gurguje (Ya gafarta mini, minti ɗaya na ba Shi), sannan na shiga lissafa takarduna, wannan a mujalla kaza, wancan an ambace shi a ƙasa kaza. Da na ga ido ya fara nauyi sai na zaro takardar nan na ɗaga sama.

"Iyayena mata, kun sha tambayar Mama abin da nake yi. Ba ni zan ba ku amsa ba. Ga abin da manyan masanan duniya suka rubuta a kan aikina. Baba, ka juya mana shi da Hausa, ka ɗaga murya na baya su ji."

Baba Ayuba ya gyara tabarau ya bi layin da ido, ya sake bi. Ya dube ni ta saman gilashin.

"'Yata, duka?"

"Duka, Baba. Kada ka bar ko ɗigo."

Ya gyara murya. "Masanan suka ce, mun duba aikin wannan baiwar Allah da kyau."

Guɗa ta tashi, tulu ya amsa. Mama ta ɗaga hannu biyu sama. Baba Ayuba ya jira aka lafa.

"Amma mun ajiye shi a gefe, ba mu sa shi cikin waɗanda muka dogara da su ba. Dalili na ɗaya, matan da ta bincika sun yi kaɗan. Dalili na biyu, ba ta bi su bayan sun haihu ba, saboda haka babu wanda ya san yadda suka ƙare." Ya ninke takardar gida biyu ya miƙo mini da ladabi. "Iyakar inda aka ja layi ke nan."

Coci ya yi tsit, har ana jin kukan fanka. Wata tsohuwa a kujerar baya, wadda kunnenta ya yi nauyi, ta ce "Amin!" da ƙarfi. Gumi ya karyo mini daga ƙarƙashin ɗankwali yana bin wuyana. Na ji da ma ƙasa ta tsage in shige da leshin nawa gaba ɗaya. Abin da ya fi ci mini rai, ban iya kallon inda Mama take ba. Na zo wanke ta, na ƙara mata dauɗa a gaban mutanen da za ta zauna da su har ƙarshen ranta.

Ina tsaye ina neman ta inda zan fara, sai wata mata ta miƙe a tsakiya tana riƙe da hannun wata yarinya. Maman Godiya ce, mai sayar da tumatir a Makera. Na ce a raina, yauwa, ga mai cetona.

"Gaskiya Turawan nan ba su yi ƙarya ba," in ji ta. "Dakta, ni ina cikin matan da kika auna. Ke kika ce in na ji ciwon kai mai tsanani ko ina gani dishi-dishi in ruga asibiti. Na ji, na ruga, ga yarinyar nan, ga ni. Wannan kam Allah ya saka miki. Amma ranar suna na ajiye miki shinkafa har ta huce. Ina nan Makera fa, ban ƙaura ba."

Aka fashe da dariya, har Fasto ya rufe baki da littafin waƙoƙi. Kuma gaskiyarta. A lokacin ina saurin in fitar da takarda ne, mace tana haihuwa nake rufe fayil ɗinta in kama gabana.

Sai Mama ta miƙe. Na ɗauka fita za ta yi. Ta gyara zanenta ta dubi Baba Ayuba.

"Malam, su mutanen nan daga ina suke?"

"Daga ƙasashen waje, Mama."

"Kuma sun zauna sun karanta rubutun 'yata tun daga farko har ƙarshe, har suka gano abin da ta bari?"

"Haka ne."

Ta juya ga matan zumunta. "To kun ji. Rubutun akawu ake karantawa a ƙasar waje har a yi gardama a kansa?" Ta juyo kaina, muryarta ta canza. "Ke kuma, wa ya koya miki barin mai jego babu barka? Ba a gidana kika koya ba. Sun ce mata sun yi kaɗan. Mu nan kaɗan ne? Akwai wadda za ta haihu daga Romi zuwa Makera ba mu je mata da sabulu ba?"

Uwar zumunta ta buga tulu sau ɗaya ta ce, "Babu!"

Da haka aka tashi. Na yi kwana uku ban fita ko sayen burodi ba. A rana ta huɗu na zauna na karanta bitar nan daga farko har ƙarshe, na ga babu sharri a cikinta, gyara ne tsagwaronsa. Na nemi izini a wurin aiki na sake binciken daga tushe. Matan zumunta suka zama ƙafafuna. Su ke yi wa masu ciki bayani, har maƙwabtansu Musulmi da matan 'yan kasuwa na Kakuri, wadda ta yarda a rako ta wurina. In mace ta haihu, kafin a kawo mini rahoto daga ɗakin haihuwa Mama ta riga ta kira ni a waya. Na shiga lunguna da abin awon jini a jaka, na sha kunun jego har na ƙara ƙiba. Akwai matan da muka tarar jininsu ya hau bayan haihuwa, suna cewa gajiya ce kawai, muka kai su asibiti a kan lokaci. A duk takarduna babu wadda nake alfahari da ita kamar wadda ta fito daga wannan aikin, kuma a ƙarshenta na rubuta godiya ga matan nan, na sa Baba Ayuba ya fassara musu (wannan karon sai da na karanta sau uku).

Abin da na koya dai, ba duk wanda ya kira sunanka ne yake yabonka ba, saboda haka ka saurara ka ji ƙarshen maganarsa kafin ka gayyato makaɗa. Mama kuwa tun daga nan ta samu yadda take gabatar da ni. Ko a wurin biki ne, sai ta kamo hannuna ta ja ni gaban mutane ta ce, "Wannan ita ce 'yata likita, wadda Turawa suka kushe, mu muka gyara." Ni kuma sai in durƙusa in gaishe su, don ban ga inda ta yi ƙarya ba.