Litinin ɗin da Na Kusa Zama Ɓarauniyar Gudummawa

Ko zan shekara ɗari a duniya, ba na jin zan manta da Litinin ɗin da ta biyo bayan bikin Hauwa. Yau sati uku ke nan, amma har yanzu in wayata ta yi ƙarar shigowar kuɗi sai gabana ya faɗi. Kuma kafin wata ta riga ni ba ku labarin da gishirinta da barkononta, gara ku ji daga bakina: ban ci kuɗin kowa ba. Wauta na tafka, ita kam na amsa ta.

Ina aiki a wani shagon buga takardu da fotokwafi a nan Wudil, inda ɗaliban jami'a ke kawo ayyukansu. Sakandare na gama, na yi wata uku ina koyon kwamfuta, aka ba ni satifiket mai ruwan zinare a gefe (Umma ta sa an yi masa gilashi, yana rataye a falo kamar na likita). To, wannan satifiket ɗin ne ya hau mini kai.

Hauwa 'yar Baffana ce, a Utai suke. Kun san gudummawar biki a wajen mata ajiya ce. Wadda ta kawo miki dubu biyar yau, ranar nata sha'anin sai kin mayar, har ki ɗora wani abu a kai. Don haka dole a san wa ta kawo, nawa ta kawo. A danginmu Gwaggo Talatu, yayar babana, ita ke riƙe wannan lissafin. Ba ta taɓa zama a aji ba, amma za ta gaya miki abin da kowace mace ta kawo ranar sunanki, har da wadda ta kawo sabulu sanda ɗaya ta ci tuwo malmala uku.

Bana sai aka samu matsala. 'Yan'uwa na nesa duk ta waya suke turo kuɗi, ga shi Inna Rabi, uwar amarya, ba ta da asusun banki. Aka ce a ba da nawa. Da na tsaya a nan da na huta. Ina! Sai na aro laftof ɗin shago, na ce ni zan riƙe lissafin gaba ɗaya.

"Gwaggo, ai an wuce zamanin ajiye lissafi a ka," in ji ni, ina wani gyara mayafi.

Ta dube ni sama da ƙasa. "To, Malama Kwamfuta, Allah ya taimaka. Ni dai kaina ba ya neman caji."

Ga wanda bai sani ba, shafin lissafi na kwamfuta gidaje-gidaje ne. Ki sa suna a wannan gida, kuɗi a na kusa da shi, a can ƙasa ki ce ta tara miki. Sati guda kafin biki, duk kuɗin da aka turo ina zaune a natse nake shigar da shi, da ado: N20,000, N50,000. Malamin lissafinmu na sakandare ne ya dasa mana wannan. In ka rubuta lamba tsirara sai ya ɗaga bulala ya ce, "Ashirin me? Awaki?" Waɗanda kuma suka rubuto mini 5k ko 10k a saƙo, haka na kwafe musu, don na ga ya fi wayewa.

Da biki ya kankama kuwa babu lokacin ado. Wannan ta cusa mini kuɗi a hannu, waccan tana ihun kar a manta da sunanta, kiɗan ƙwarya na tashi a kunnena. Sai in buga 2000, 5000, 1500 kawai in wuce. Kullum da la'asar in kai abin da ya taru wajen mai POS ya zuba mini a asusu, don tsoron ɓata.

Ranar Litinin da safe na ce wa kwamfuta ta tara. Ta ce dubu ɗari biyu da goma sha huɗu. Na je na ciro daidai hakan, na sa a ambulan. Ban duba abin da ya rage a asusun ba. Me zan duba, ina da kwamfuta? Raina ya ɗan ce kuɗin sun yi kaɗan, sai na ce masa tsadar rayuwa ce.

Bayan azahar mata wajen goma sha biyar suka zauna a tsakar gidan Inna Rabi, Umma na cikinsu. Na ɗora laftof a kan turmin da aka kifa, na miƙa ambulan, na faɗi jimilla. Har da ƙarin bayanin da ba wanda ya tambaye ni: "Sai haƙuri Inna, bana mutane hannunsu ya yi nauyi." (A gaban mutanen fa. Allah ya shirye ni.)

Gwaggo Talatu ta cire goro daga baki.

"Maimaita, 'yar nan."

Na maimaita.

"Alhaji Sani na Legas ya kira Rabi ina zaune, ɗari ya turo. Binta ta Kaduna hamsin. 'Yan ɗakin su Hauwa sun haɗa hamsin. Ɗari biyu ke nan, mutum uku. Duk sauran jama'ar nan da suka cika gidan nan kwana uku, sha huɗu suka kawo?"

Nan ne ya kamata in yi shiru in sake dubawa. Sai na ɗaga murya. "Gwaggo, kwamfuta ba ta ƙarya. Ga sunayen nan duk, ga kuɗinsu. Ita ta tara, ba ni ba."

"Ban ce tana ƙarya ba. Buɗe mana asusun mu gani."

Wallahi da ƙarfin gwiwa na buɗe, har ina juya wa mutane fuskar wayar tun kafin in gani da idona. Wata maƙwabciyarsu ce ta karanta da ƙarfi, kamar mai shela: dubu ɗari uku da saba'in. Ni da na san dubu huɗu ce tawa a ciki.

Sai wata daga baya, ban ga fuskarta ba, ta ce, "Ikon Allah. Ashe shi ya sa leshinta ke ta walƙiya ranar kamu." (Leshin nan wata biyar ina zubin adashi a kansa.) Inna Rabi ta ajiye ambulan a ƙasa a hankali. Na dubi Umma. Kanta a sunkuye, tana murza bakin zaninta. Wannan ne ya karya ni. A Utai in aka kira ki ɓarauniya ranar Litinin, kafin Juma'a an kai labarin kasuwar Wudil, kuma sunan uwarki za a fara ambata kafin naki.

Na ce, "Ban ɗauka ba." Ina kallon shafin, hawaye ya sa lambobin suna rawa. Ga Alhaji Sani, ga N100,000 ɗinsa a rubuce ɓaro-ɓaro. To ina suka shiga?

Gwaggo ta taso da ƙyar, tana dafa gwiwa, ta tsaya a kaina. Ta daɗe tana leƙen gilashin laftof ɗin, ita da ba ta san alif ba balle bihim. Sai ta sa yatsa mai jan lalle a kai.

"Waɗannan me ya sa suka ware gefe kamar dangin ango?"

Na share ido na duba. Gaskiyarta. Duk lambobin da na buga tsirara sun jingina a dama. Duk masu N da masu k sun maƙale a hagu, gefen da sunayen mutane ke tsayawa. Sai a lokacin maganar da aka yi mana a wajen koyo ta faɗo mini, ranar da nake can ina hira: in harafi ya raɓi lamba, kwamfuta ba ta ɗaukar ta lamba, rubutu take gani. Wato a wajenta N100,000 da "Hajiya Binta" duk ɗaya ne, suna ne. Ta tsallake su ta tara sauran, ko tari ba ta yi ba.

"Na gane! Gwaggo na gane, ku tsaya!"

Na umarci kwamfutar ta nemo duk N ta goge. Don ruɗewa ban ware mata layin kuɗin ba, sai ta bi shafin gaba ɗaya. Binta ta koma Bita, Sani ya koma Sai. Na yi salati, na mayar da baya, na zaɓi layin kuɗin shi kaɗai, na sake. Lambobin suka yi tsalle suka koma dama. Masu k guda bakwai na bi su ɗaya-ɗaya da hannu, 5k ta zama 5000. Na duba ƙasa.

Dubu ɗari biyar da tamanin.

Ban buɗe baki ba Gwaggo ta riga ni. "A cire ɗari biyu da sha huɗu na ambulan, saura ɗari uku da sittin da shida. A wayarta akwai saba'in. Huɗun fa?"

"Nawa ne, Gwaggo."

"To ko sisi bai yi ciwon kai ba." Ta juya ga matan. "Kun ji dai. Ɓarawo ba ya rubuta abin da ya sata da sunan mai shi, ya kuma haska muku wayarsa. Yarinyar nan ba ɓarauniya ba ce. Wawiya ce."

Tun da aka haife ni ban taɓa jin daɗin zagi irin wannan ba. Na fashe da kuka ina cewa, "Na gode Gwaggo." Umma ta ɗago kai ta ce, "Mai maganar leshi, a fito a maimaita mana." Ba wadda ta fito.

Na san har yanzu akwai masu cewa da ba a kama ni ba da shiru za a ji. Su yi ta faɗa, bakinsu ne. Akwai masu cewa in bar kwamfuta in koma littafin makaranta da biro. Ba zan bari ba. Wata mai zuwa akwai suna a Achika, kuma ni zan riƙe lissafin. N ɗaya tak zan rubuta, a can saman layi, lambobi su zauna tsirara. Kafin in buɗe baki a taro sai na gwada jimilla da abin da ke asusu, sannan in karanta wa Gwaggo a ɗaki, mu biyu.

Abin da na koya dai shi ne, kwamfuta irin baƙuwar nan ce mai kunya. In ba ta gane magana ba, ba za ta ce ba ta gane ba. Sai ta gyaɗa kai, ta bar ki ki je ki faɗi a tsakiyar mata goma sha biyar.