Injin Ijapa a Bayan Ƙwarangwal

"Ina kwana, bawana? An tashi lahiya, ko barkono ya hana ka barci?"

"Lahiya lau, mai huska awa gonar da anka yi ma huɗa. Mi yak kawo ka gidan ubangidanka da sassahe... a'a! Malami, yau raƙumi ka jan ka?"

Raƙumi ne kuwa. Halliru mai dakon albasa ne ya jawo Malami tun daga gulbi har ƙofar garejin Abdullateef da ke bakin hanyar Isa a Sabon Birni, igiya ɗaure a gaban mota, gogan naka zaune yana ta murza sitiyari wai shi direba. Motar ma suna ne kawai. Bututun ƙarfe ne aka yi wa walda, aka dasa kujera biyu da manyan tayoyi, inji a baya tsirara, ba ƙofa ba rufi. Malami ya gano irinta a Nijar wajen fatauci, ya dawo ya hana Abdullateef sakat har suka ƙera ta daga gawar wata tsohuwar mota ƙirar bitil. Mutanen gari suka raɗa mata Ƙwarangwal. Da ita yake keta yashi zuwa Kamarawa da Tozai ya ɗauko kaya inda manyan motoci ke kafewa, da ita yake ci da gidansa.

Malami Bagobiri ne, Abdullateef kuwa, wanda kowa ke kira Latifu, Bayarabe. To kowa ya san abin da ke tsakanin Gobirawa da Yarabawa: kowane yana kiran ɗan'uwansa bawa, magana mai daɗi ba ta shiga tsakani, kuma wanda ya yi fushi shi ya faɗi. A haka mutanen nan biyu suka tashi tun suna tallar rake, a haka furfura ta same su.

Sai ga shi Latifu zai tafi. 'Yarsa Khadijat da ke aure a Ilorin ta matsa masa da waya, kullum sai ta ce hankalinta ba a kwance yake ba, ya dawo gida ya huta. Ya yi ta kwana-kwana har dabara ta ƙare masa, ya ce to, amma motar da ta kawo shi garin nan yana yaro ita za ta mayar da shi, ba zai hau ta kowa ba. Motar ita ce Ijapa, wato kunkuru da yarensu, bitil ɗin marigayi babansa da yake lallaɓawa kamar ƙwai. Ga ta can ƙarƙashin dogon yaro an wanke ta tas, an ɗaure katifa a samanta. Gobe da safe za a kama hanya.

Tun da Malami ya ji zancen nan fura ta daina yi masa daɗi. Ba ya son mutumin nan ya tafi, ko kaɗan ba ya so. Amma Bagobiri ya buɗe baki ya ce wa Bayarabe "don Allah zauna"? Ai har jikokinsa sai an yi musu gori. Da ya rasa ta yi, sai ya ɗauki filaya ya sassauta notin da ke riƙe baƙin mai a ƙarƙashin injinsa, ya shiga gulbi ya yi ta gudu har injin ya yi wata ƙara ya sandare. A lissafinsa, Latifu bai taɓa barin aiki a buɗe ba, gyaran zai riƙe shi mako biyu ko uku, kafin nan Allah Ya kawo wata dabarar.

Halliru ya kwance igiyarsa ya ja raƙuminsa yana dariya.

"Aikinka na, Latifu," in ji Malami yana durowa. "Injin da kas saka mani ya mace. Dama mi aka jira ga aikin Bayarabe?"

"Injin da nis saka maka ya yi shekara da shekaru shina ɗaukar ka, kai da girman kanka, bai koka ba. Ku Gobirawa ko jaki anka ba ku sai kun tambayi inda aka saka mishi makulli."

"Mu da munka hau dawaki tun kakanninku na bisa itacen manja?"

"Dawakin wa? Share musu barga kuka yi. Zanen ga na huskarka ma kakana yay yi ma kakanka shi, don kada shi ɓace mai cikin kasuwa."

"Ƙarya kaka yi! Naku na kumatu mu munka hwara shi, kunka cika muna kunne da kuwwa munka bari ba a gama ba. Duba mani mota, malam, kuma ka rage murya. Kai da hwasasshiyar salansa ban san wa yaf fi wani ba."

Latifu ya zagaya baya. Ya kama inji ya gwada juya shi da hannu, ko motsi. Ya zaro sandar awon mai ya duba, a bushe ƙayau. Sai ya kwanta ya zura hannu ƙarƙashi, ya ɗan jima a can, ya zare wani abu ya jefa a aljihu. Malami dai ya tsura wa reshen dogon yaro ido kamar yau ya fara ganin sa.

"To, likitan ƙarhe, yaya? Ko manja za ka zuba mishi? Na san shi ka tada ku."

"Manja ba shi tada gawa. Injin ga ya tahi inda ba a dawowa, Malami. Komi na ciki ya narke ya haɗe."

"Haba dai. Ka buɗe shi ka gyara, ko sati ukku na, ina jira. Ba ni sauri."

"Sati ukku? Kayan cikin wanga inji, daga nan har Sakkwato ba ka samun su. Sai a shekara ana cigiya. Ni kau gobe da azahar na wuce Gusau."

Nan fa Malami ya gane irin ɓarnar da ya yi. Ashe ya kashe abincin gidansa da hannunsa, kuma mutumin da ya yi domin sa tafiyarsa zai yi. Me zai je ya faɗa wa Tasalla, matarsa da ko cokali ya ɓata sai ta ji yadda aka yi? Amma duk da haka baki bai mutu ba.

"Tahi mana! Wa ka riƙon ka? Gari shi huta da warin iru, daddawar ga taku. Dama tuwon ga naku mai kama da baƙin mai shi ka kiran ka."

"Amala aka ce mishi, jahili. Kai da ka lashe kwano gidana ranar Salla har kana tambayar ko da saura."

"Taimako niy yi, kada a zubar a ja muna annoba."

"To ni ma bari in taimaka. Kama nan, tura."

"In tura mi?"

"Ijapa. Kawo ta kusa da kwarkwaɗaɗɗiyar akuyar ga taka. Ko turin ma sai an kira maka raƙumi?"

Suka turo Ijapa gefen Ƙwarangwal, baya da baya. Latifu ya ɗage murfin bayanta, sai ga inji fes, ko ƙura babu, irin na Malami sak. Ya ɗauko jak ya ɗaga ta, ya zare tiyon fetur ya toshe, ya kwance wayar totur da wayoyin wuta. Sai da ya kai sifana kan notin farko Malami ya gane abin da ake ciki.

"Latifu," ya ce, muryarsa ta sauka. "Wagga motar Baba ta."

"Na sani. Ko kai kas saya mai?"

"Ba ni karɓa."

"Wa yac ce ba ka niy yi? Ka taɓa jin inda ubangida yay yi ma bawa kyautar inji? Ƙwacewa kay yi. Ka taho da raƙumi da sassahe, ka ci ƙarhina. Riƙe katakon ga, in ka bari ya hwaɗi sai na ƙara maka zane guda."

Notuna huɗu ne ke riƙe injin bitil. Suka kwance su, suka tallafe shi da jak da katako, suka ja shi baya a hankali har ya rabu da giyabos, suka sauke shi ƙasa. Sannan suka koma kan na Ƙwarangwal, wanda yashi ya cike wa kowace kafa.

"Dibi nan," in ji Latifu. "Rabin gulbi na cikin motag ga. Shi ya sa ruwa ba su zama, ka kwashe musu shimhiɗa."

"Mota ta maza ke nan. Ba irin taka ba da ka shiga yashi ta tsuguna awa kaza za ta yi ƙwai."

"Ɗaga ta can! Hagu nic ce. Wayyo, Bagobiri bai san hagu ba sai an aza mai hura ga dama."

"Ka ce hagu da Hausa mana, ba da Yarabanci ba."

"Ni za ka koya ma Hausa? Ni da malamin allo ka sa in gyara maka baƙi kana kuka?"

"Kukan tausai nika yi, ganin an haɗa ni aji guda da bawa."

Rana ta take tsaka kafin su ɗaga injin Ijapa su daidaita shi a bayan Ƙwarangwal. Ya ƙi shiga da farko, Latifu ya ɗan juya shi yana lallashinsa da Yarabanci, sai ji suka yi ƙwas, ya zauna. Malami na miƙa sifana yana zuba zagi, amma zuciyarsa na wani wuri. Murna na son kama shi, tsoro na hana ta. In mutumin nan ya fasa rantsuwarsa gobe ya hau motar haya fa? Ya ga dai ba zai iya haƙuri ba, sai ya nemo hanyar tambaya.

"To yanzu da mi za ka tahi? Ko in yi ma Halliru magana shi ja ka har Ilorin? Ka shiga garinku bisa raƙumi, su naɗa ka sarki."

Latifu ya goge hannu da tsumma, ya nuna mataccen injin da ke yashe a ƙasa.

"Da wancan za ni. Na ce ma Khadijat Ijapa ta kawo ni, ita ka maishe ni, kuma ba ni tada magana. Sai in gyara shi in saka mata."

"Kai kac ce sai a shekara ana cigiyar kayanai."

"Wannan in ana cigiyar ke nan. Ni kau ka san ban da ƙwazo wajen cigiya. Hau ka tada."

Malami ya hau ya murɗa makulli. Injin ya yi tari sau biyu ya kama, da wata murya mai laushi da Ƙwarangwal ba ta taɓa yi ba tun da aka ƙera ta. Ya taka totur, yashin da ke maƙale a jikinta ya zubo, awakin maƙwabta suka watse.

"Ka ji ko?" Latifu ya ɗaga murya. "Har ta hwara magana da ladabi. Jinin gidan sarauta ya shige ta."

Ya sa hannu a aljihu ya ciro abin nan da ya zare ɗazu, ya cilla wa Malami a cinya. Notin baƙin mai ne, gefensa duk haƙoran filaya sun ci shi.

"Ungo tsarabarka. Gaba in za ka kashe inji, taho in ara maka sihwana. Hilaya na ɓata noti."

Malami ya dubi notin, ya dubi Latifu. Kunya ta rufe shi, daɗi ya rufe kunyar. Sai dariya ta ƙwace masa, ya kifa kai a sitiyari yana yi har hawaye na bin zanen fuskarsa, kuma ba duka ne na dariya ba.

"Na yarda," ya ce da ƙyar. "Yau kai a ubangida. Amma zuwa la'asar kawai."

"Rubuta muna shi ga bango, Bagobiri ya..."

Wayar Latifu ta ɗauki ƙara a aljihun gaba. Ya ciro ya duba sunan mai kira. Ya miƙa wa Malami ita da hannu biyu.

"Khadijat ta. Ni in niy yi magana kuka za ta sa mani. Kai kau Bagobiri na, ba ta da ikon yi maka hushi. Hwaɗa mata kai kaƙ ƙwace."

Malami ya kashe inji, ya share ido da bakin riga, ya gyara zaman hularsa. Ya karɓi wayar ya kara a kunne, ya harɗe ƙafa bisa sitiyari.

"Khadijat, ɗiyar bawana, kina lahiya? To ki sauke tukunyar amala, ki kira mu kullum in kina so, ki taho da Salla da jikokina. Amma ubanki ya shiga hannuna yau. Na kama shi, shi da kunkurunai, kuma ba ni sayarwa."