Jirgin da Na Shafa Cikinsa

Ni da ban taɓa sayen rago mai ciwo a kasuwar Makka ba, na sauka Jidda neman jirgin ruwa mai inji, in kai Inna garin Sawakin a ƙetaren teku ta ga ƙanwarta. Aka nuna mini biyu kamar tagwaye, ɗaya a ruwa, ɗaya a tudu. Na ce, "Dillali ba ya sayen abin da bai shafa cikinsa ba." Na ɗauki na tudun.

Ashe rana ta tsattsage katakonsa. Muna tura shi ya nutse, Inna na zaune a bakin gaɓa kan ƙunshin tsarabarta. Ta ce, "Bari, ɗan nan, Allah ya kai mu baɗi." Ba ta kai ba.

Har yau Sarkin Ruwa ake ce mini a unguwarmu ta Tandabawi a Makka.