Ranar da Na Rera wa Mai Jarrabawa Ƙamus

Ko da zan manta komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na zauna gaban mai jarrabawar Turanci a Kano na kama rangaji ba.

Na samu gurbin ƙaro karatu a ƙasar waje, amma da sharaɗi: sai na ci jarrabawar ƙwarewa a Turanci kafin a rufe karɓar ɗalibai. Duk wanda na tambaya sai ya ce min sirrin abin shi ne tara kalmomi. Ni kuwa tun ina Islamiyya a nan Daura ba a taɓa kayar da ni a hadda ba, ga shi ina ɗan taɓa rubuta waƙa. Sai na bi ƙamus ina tsintar manya-manyan kalmomi (wasu don daɗinsu a baki kawai na ɗauke su), na jera su baiti-baiti, na sa musu kari. Kullum da hantsi ina gindin darbejiyar gidanmu, ido a lumshe, ina bita.

Gwaggo, wadda ta rene ni, takan tsaya da tsintsiya a hannu tana kallona.

"Ke 'yar nan, wannan karatu ne ko bori?"

"Gwaggo, Turanci ne fa."

"To, Allah Ya sa Baturen ya iya amshi."

Ranar jarrabawa, sashen karatu da na rubutu suka wuce lafiya. Saura na magana. Aka shigar da ni wani ɗan ɗaki, na tarar da wata dattijuwa mai tabarau, ga na'urar ɗaukar murya a kan tebur. Muka gaisa, ta ce cikin Turancinta mai laushi, "Ba ni labarin kasuwar garinku."

Raina ya yi fari tas. Kasuwar Daura! Nan take na hango ragunan da ake ja suna tirjewa, da masu fura, da 'yan acaɓa suna kutsawa tsakanin jama'a. Na ce, "Kasuwarmu babba ce." Ina so in ɗora da cewa akwai cunkoso, kuma ina da kalmar, wata mai tsada wadda na fi ƙauna. Matsalar ita ce tana can tsakiyar waƙa, duk wanda ya yi hadda kuwa ya san ba a shigarta ta tsakiya. Sai an faro daga sama.

Na ce bari in yi a zuci, da sauri. Na lumshe ido. Ban san lokacin da leɓuna suka fara motsi ba, balle lokacin da murya ta fito. Jiki kuma ya tuna aikinsa, gaba, baya, gaba, baya. Na ratsa ta kan kalmomin alfijir, da na kewa, da na ƙamshin ƙasa bayan ruwa, har da ɗan jan murya a ƙarshen baiti. Da na iso kan kalmata, sai na buɗe ido na faɗe ta da ƙarfi, kamar wadda ta tsinci ɗan kunnenta.

Dattijuwar ta cire tabarau. Ta turo min robar ruwa a hankali.

"Sha, 'yata. Akwai wata lalura da ya kamata mu sani?"

Kafin in haɗa amsa ta ce lokacin wannan tambaya ya ƙare. (Na'urar kuwa ba ta bar komai ba. Har yau nakan yi tunanin mutumin da aka ba ya sake saurara.)

Sakamako ya fito, sashen magana ya ja ni ƙasa, gurbin wannan shekarar ya wuce ni. Da na tashi sake shiri, kowace kalma na koya sai na sa ta aiki a ranar, ko da zancen cefane ne. Na dai gane cewa kalmar da ba ka taɓa aikenta ko ƙofar gida ba, ranar da ka kira ta da gaggawa sai ta ce ba ta fitowa sai da danginta duka.